Yadda wayarka ke lissafa inda hannun agogo zai tsaya

Idan ƙarfe uku da kwata ta yi, nawa ne tazarar da ke tsakanin dogon hannun agogo da gajeren hannunsa?

Yawancin mutane za su ce babu wata tazara, tunda dogon hannu yana kan lamba 3, gajeren ma yana kan 3. Sai dai ba haka abin yake ba. A cikin minti 15 ɗin da suka wuce bayan ƙarfe uku, gajeren hannu ya ɗan gusa gaba, har ya bar tazarar digiri bakwai da rabi tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a jarrabawar lissafi, da kuma gwajin da kamfanonin fasaha ke yi wa masu neman aikin rubuta manhaja. Shafin LeetCode, inda matasa ke wasa ƙwaƙwalwa kafin su je neman irin wannan aiki, yana da ita cikin jerin tambayoyinsa.

Dalilin da ya sa ake yawan yin ta shi ne, duk wanda ya manta cewa gajeren hannu ba ya tsayawa wuri ɗaya, to zai iya zana agogon da zai ruɗi mai kallo da awa guda cur. Ga mai jiran jirgi, ko mai shiga ɗakin jarrabawa, ko mai bai wa mara lafiya magani a kan lokaci, awa guda ba abin wasa ba ce.

Agogon da babu haƙori a cikinsa

Idan mai gyaran agogo ya buɗe bayan agogon bango ko na hannu, za ka ga ƙananan faya-fayai masu haƙora sun sarƙe da juna. An yanka haƙoran ne ta yadda idan dogon hannu ya zagaya sau 12, gajeren zai zagaya sau ɗaya. Ka murɗa ɗaya, ɗayan zai bi shi ko ka so ko ka ƙi. Maƙerin ya gama lissafin tun ranar da ya yanka ƙarfen.

Agogo mai hannu da kake gani a fuskar waya, ko a agogon hannu na zamani mai manhaja, ko a shafin intanet, zane ne kawai. Layuka uku ne da babu abin da ya ɗaure su da juna. Iyakar abin da na'urar ta sani lambobi uku ne: awa, minti da sakan. Wanda ya rubuta manhajar shi zai gaya mata yadda za ta mayar da waɗannan lambobi su zama kusurwa, sannan ta ja kowane layi a inda ya dace.

Masu amfani da iPhone tun da daɗewa za su tuna cewa a da, ɗan hoton agogon da ke fuskar wayar a tsaye yake a kan 10:15 dare da rana. Sai a shekarar 2013, da kamfanin Apple ya fitar da manhajar iOS 7, hannayen suka fara tafiya da lokaci na gaskiya.

Girman agogo ba ya canza lissafin. Fuskar agogon hasumiyar Makka ta kai mita 43, hoton agogon waya kuwa bai wuce girman farce ba, amma da ƙarfe uku da kwata kusurwar da ke tsakanin hannayensu ɗaya ce.

Daga ina 360 da 60 suka fito?

Masu lissafi sun raba da'ira gida 360, kowane gida ana kiransa digiri ɗaya. Wannan rabo, da na awa zuwa minti 60, gado ne daga mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yanzu, waɗanda ke ƙirge da sittin-sittin. Raba yini gida 12 da dare gida 12 kuma an san shi tun wajen Misrawan da.

Amfanin 60 shi ne tana rabuwa ba tare da saura ba: gida 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20 ko 30. Shi ya sa lissafin agogo ke fitowa tsaf. Ka raba 360 gida 12, ka samu digiri 30 tsakanin kowace lamba da mai bi mata. Ka raba gida 60, ka samu digiri 6 ga kowane minti.

Faransa ta taɓa gwada canza wannan tsari bayan juyin juya-halinta. A 1793 ta kafa dokar raba yini gida 10, kowace awa minti 100, kowane minti sakan 100. Jama'a ba su karɓa ba, zuwa 1795 aka daina tilasta shi.

Agogon injin farko-farko a Turai ma kunne suke yi wa aiki kafin ido. Wanda ke majami'ar Salisbury a Ingila, da ake danganta shi da wajejen 1386, ba shi da fuska ko hannu, ƙararrawa kawai yake bugawa. Kalmar "agogo" da muke amfani da ita ma daga Yarbanci ta zo, inda take nufin ƙararrawa.

Da aka fara yi wa agogo fuska, hannu ɗaya aka sa masa, wato na awa. Hannun minti bai yaɗu ba sai bayan da Christiaan Huygens, masani ɗan ƙasar Holan, ya ƙirƙiro agogo mai lilo a 1656, wanda ya sa agogo ya daina kuskuren mintuna masu yawa a yini.

Kafin nan, mutane suna gane rabin awa ko kwata ne ta hanyar duba nisan da hannun awa ya yi tsakanin lamba da lamba. Ashe ke nan gajeren hannu shi kaɗai yana ɗauke da lokacin gaba ɗaya. Sauran biyun suna ƙara fito da abin da ya riga ya nuna ne, don ido ya gani da sauƙi.

Lissafin hannu uku

Ana fara ƙirga kusurwa daga kan lamba 12, a bi ta dama. Lamba 3 ita ce digiri 90, lamba 6 digiri 180, lamba 9 kuma digiri 270.

Hannun sakan shi ne mafi sauƙi: ka ninka sakan sau 6.

Hannun minti: ka ninka minti sau 6, sannan ka ƙara 0.1 na digiri a kan kowane sakan da ya wuce, domin yana cin digiri 6 ne a cikin sakan 60.

Hannun awa: ka ninka awa sau 30, sannan ka ƙara rabin digiri a kan kowane minti, domin yana cin digiri 30 ne a cikin minti 60. Tafiyar hawainiya yake yi, amma ba ya hutawa.

Mu ɗauki misali. Waya ta ce lokaci 16:20:30 ne, wato ƙarfe huɗu da minti ashirin da sakan talatin na yamma.

Da farko sai a gyara awa. Na'urori suna ƙirga awa daga 0 zuwa 23, fuskar agogo kuwa 12 gare ta. Don haka ana raba awar gida 12 a ɗauki abin da ya yi saura. Idan aka raba 16 gida 12, saura 4.

Hannun sakan: 30 sau 6, digiri 180, yana kan lamba 6.

Hannun minti: 20 sau 6 ya ba da 120, a ƙara 3 na sakan talatin ɗin, ya zama digiri 123.

Hannun awa: 4 sau 30 ya ba da 120, a ƙara 10 na minti ashirin, a ƙara kwatan digiri na rabin mintin da ya rage, ya zama digiri 130.25.

Akwai hanyar da ta fi wannan gajarta. A awa 12 akwai sakan 43,200. Ka raba su gida 360, za ka ga hannun awa yana cin digiri ɗaya ne a kowane sakan 120. Daga ƙarfe 12 zuwa 4:20:30 sakan 15,630 ne. Ka raba da 120, amsar dai 130.25 ce.

Kuskuren da ke cin awa guda

Kuskuren da sababbin masu koyo suka fi faɗawa ciki shi ne su ninka awa sau 30 su tsaya nan. Sakamakon haka gajeren hannu zai maƙale a kan lamba har tsawon minti 59, sannan ya yi tsalle zuwa ta gaba.

Duba abin da zai faru da ƙarfe 3:55. A agogon kirki, gajeren hannu yana kan digiri 117.5, saura digiri biyu da rabi ya taɓa lamba 4. Kowa ya kalla ya san huɗu saura biyar ce. A agogo mai kuskure kuwa, gajeren hannu yana kan 3 daidai, dogon yana kan 11. Wanda ya saba karanta agogo zai ce uku saura biyar. Ya yi asarar awa guda yana zaton yana da sauran lokaci.

Wani lokacin mai manhajar ya san lissafin sarai, yaren kwamfutar ne ke yi masa zagon ƙasa. A yaruka irin su C da Java, idan ka raba cikakkiyar lamba da wata cikakkiyar lamba, ana yar da duk abin da ya biyo bayan ɗigo. Ka ce a raba 55 gida 60, maimakon 0.92 sai a ba ka sifili. Don haka ko ka rubuta cewa a ƙara rabon minti a kan awa, abin da ake ƙarawa sifili ne kullum. Maganin ɗan ƙarami ne, a rubuta 60.0 a madadin 60. A JavaScript da Python 3, alamar rabawa ta yau da kullum tana ba da amsa har da ɗigonta.

Abin da ya sa wannan kuskure ke tsere wa masu gwaji shi ne yana ɓuya a farkon awa. Da ƙarfe 3:00 babu shi kwata-kwata. Da 3:05 digiri biyu da rabi ne, ido ba zai lura ba. Sai an kusa ƙarshen awa yake kai digiri 29 da rabi.

Tseren da ake yi sau 22 a yini

Mu koma tambayar tazara. A kowane minti dogon hannu yana cin digiri 6, gajere yana cin rabi. Dogon yana rage tazarar da digiri biyar da rabi ke nan. Daga nan aka samo ƙa'idar: ka ninka awa sau 30, ka cire minti sau 5.5.

Da 3:15, 90 a cire 82.5, saura 7.5. Da 6:30, 180 a cire 165, saura 15. Da 9:45, 270 a cire 247.5, saura 22.5. Idan amsar ta faɗi ƙasa da sifili, sai a yar da alamar ragi. Idan kuma ta haura 180, sai a cire ta daga 360 don a samu ƙaramar kusurwar.

Sau nawa hannayen biyu ke hawa kan juna a yini? Hankali zai ce sau 24, ɗaya a kowace awa. Amsar ita ce 22. Kafin dogon hannu ya sake kamo gajere, sai ya cike tazarar digiri 360 yana rage biyar da rabi a minti, abin da ke ɗaukar minti 65 da kusan sakan 27. Bayan 12 daidai, suna haɗuwa wajen 1:05:27, sai 2:10:55, sai 3:16:22, haka dai har su koma 12. Tsakanin ƙarfe 11 da 12 ba sa haɗuwa sai a kan 12 ɗin kanta, shi ya sa a awa 12 haɗuwar sau 11 ce.

Wannan lissafi yana bayyana wani abu game da tallan agogo. Kusan duk hoton talla za ka ga agogon yana wajejen 10:10, hannayen sun buɗe sama sun bar sunan kamfani a fili. Da 10:10 daidai, gajeren hannu yana digiri 55 hagu da lamba 12, dogon yana digiri 60 dama da ita, wato ba su yi daidai wa daida ba. Lokacin da suke daidaita shi ne wajen 10:09 da sakan 14. Hotunan tallan agogon Apple Watch kan nuna 10:09.

Daga kusurwa zuwa ɗigon fuskar waya

Sanin kusurwa rabin aiki ne. Fuskar waya ƙananan ɗige-ɗige ce masu haske, jere a layi-layi, kuma kowane ɗigo yana da adireshi na lamba biyu: nisansa daga gefen hagu, da nisansa daga sama. Don a ja layi, sai an san ɗigon da zai fara da wanda zai ƙare.

Farkon hannu sananne ne, tsakiyar agogo. Ƙarshensa ne ake nema, kuma a nan ake buƙatar maɓallan nan biyu na kalkuleta, sin da cos, waɗanda ɗalibai da yawa ke tambayar amfaninsu a rayuwa. Tsawon hannu sau sin na kusurwar yana ba da nisan da tsinin ya yi zuwa dama. Tsawon hannu sau cos yana ba da nisan da ya yi zuwa sama.

A ce agogon yana da faɗin ɗigo 400 da tsayin 400, tsakiyarsa tana kan 200 da 200, dogon hannu kuma ɗigo 150 ne. Da minti goma, kusurwar digiri 60 ce. Sin na 60 kusan 0.866 ne, sau 150 ya ba da 130, don haka tsinin yana kan ɗigo 330 daga hagu. Cos na 60 rabi ne, sau 150 ya ba da 75. A nan cirewa ake yi, domin a fuskar waya lambobi suna ƙaruwa ne idan ana sauka ƙasa. Tsinin yana kan ɗigo 125 daga sama.

Tarkuna uku ne a wannan mataki, kuma kowanne yana da alamar da ake gane shi da ita.

Na farko, idan aka manta aka ƙara maimakon a cire, agogon zai kife, 12 ta koma ƙasa, hannayen kuma su riƙa tafiya da baya.

Na biyu, a littafin lissafi na makaranta ana fara ƙirga kusurwa daga dama ne, wato daga wajen lamba 3. Wanda ya kwafo ƙa'idar littafi yadda take, zai ga da ƙarfe 12 duk hannayen suna nuna 3. Sai ya cire digiri 90 kafin abin ya daidaita.

Na uku shi ne ma'auni. Yawancin yarukan kwamfuta ba sa karɓar digiri a sin da cos, wani ma'auni suke so mai suna radiyan, inda rabin da'ira ke daidai da lambar nan π, kusan 3.14. Ana mayar da digiri radiyan ne ta hanyar ninkawa da π a raba da 180. Sin na digiri 90 ɗaya ne cif. Amma ka bai wa JavaScript lamba 90 kai tsaye, 0.894 za ta ba ka, hannayen kuma su riƙa tsalle-tsalle kamar sun sha wani abu.

Hannun da ke komawa baya

Akwai wata matsala da ke bayyana sau ɗaya a kowane minti. A sakan na 59 hannun yana kan digiri 354, sakan na gaba kuma lissafi ya ce sifili. Idan an umarci manhajar ta riƙa sulala da hannun a hankali daga tsohuwar kusurwa zuwa sabuwa, za ta ga hanyar 354 zuwa sifili ta baya ce. Sai hannun ya juya da gudu ya zagaye fuskar agogon ta hagu. Masu gyara kan bar kusurwar ta ci gaba da hauhawa, 360, 366, 372, tunda a ido duk ɗaya ne.

Sai kuma zaɓi tsakanin hannun da ke tsalle da wanda ke sulalawa. Agogon batir na gama-gari yana da ɗan dutsen kwatz da ke karkarwa sau 32,768 a sakan. Ana raba wannan lamba gida biyu har sau 15 a samu ɗaya, shi ya sa hannunsa ke motsi sau ɗaya a sakan. Fuskar waya kuwa tana sabunta hoto aƙalla sau 60 a sakan, don haka za ta iya gusa hannun da 0.1 na digiri a kowane karo, ya yi ta tafiya ba tsayawa. Kyan gani gare shi, amma yana shan batir. Shi ya sa agogon hannu na zamani da yawa ke ɓoye hannun sakan idan fuskarsu ta dushe.

Ƙa'ida mafi muhimmanci a nan ita ce kada manhaja ta riƙa ƙirga lokaci da kanta. Idan aka ce mata "ki jira sakan ɗaya ki ƙara digiri 6", jiran ba ya cika daidai, domin na'urar tana da wasu ayyuka. Ko da jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne a kowane karo, a yini mai sakan 86,400 ya haura minti guda. Hanyar da ta dace ita ce a kowane zane a tambayi na'urar lokaci, a sake lissafin daga tushe.

Lokacin wace ƙasa?

Can cikin na'ura, lokaci wata doguwar lamba ce guda ɗaya: adadin sakan da suka wuce tun tsakar daren 1 ga Janairun 1970 a agogon duniya na UTC. Daga ita ake fitar da awa, bayan an ƙara bambancin lokacin ƙasar da mutum yake.

Idan 12 na rana ta yi a agogon duniya, gajeren hannu a Accra yana kan digiri sifili. A Kano da Yamai da Njamena da Garwa yana kan digiri 30, wato ƙarfe ɗaya. A Khartoum yana kan 60, a Makka kuma 90.

Indiya ita ce ke tona asirin manhajar da aka rubuta da gaggawa, domin tana gaba da awa biyar da rabi. A wannan lokaci gajeren hannu a can yana kan digiri 165, dogon kuma yana kan 180, alhali a Kano yana kan sifili. Nepal ma awa biyar da minti 45 ce. Duk wanda ya ɗauka bambancin lokaci kullum cikakkun awanni ne, agogonsa zai yi ƙarya a waɗannan ƙasashe.

Wasu ƙasashen kuma suna canza agogo sau biyu a shekara. Birtaniya tana tura nata gaba da awa guda daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A wannan tsakani lokacin Landan da na Najeriya ɗaya ne, a sauran watanni kuma Najeriya ce ke gaba da awa guda. Masu kallon gasar Firimiya sun san haka, domin wasan ƙarfe uku na yamma kan koma ƙarfe huɗu idan hunturun Turai ya shigo.

A Gabashin Afirka, masu magana da Swahili suna fara ƙirga awa ne daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe ita ce awa ta ɗaya a wajensu. Habasha ma haka take yi. Mai son zana irin wannan agogo sai ya juya gajeren hannu da digiri 180, sauran lissafin bai canza ba.

Agogon da suka saɓa wa ƙa'ida da gangan

Agogon tashoshin jirgin ƙasa na Switzerland, wanda injiniya Hans Hilfiker ya tsara a 1944, yana da wata ɗabi'a ta musamman. Jan hannunsa na sakan yana gama zagaye a kusan sakan 58 da rabi, sai ya tsaya a kan 12 yana jira. Idan sigina ta zo daga babban agogo na tsakiya, hannun minti ya yi tsallen digiri 6, jan hannun ya sake tashi. Ta haka dukkan tashoshi ke shiga sabon minti a tare. Mai kwaikwayon sa a manhaja sai ya sa hannun sakan ya riƙa cin kusan digiri 6.15 a sakan.

Zanen wannan agogo ya taɓa jawo taƙaddama. A 2012 Apple ya sa mai kama da shi a manhajar iPad, hukumar jiragen ƙasan Switzerland ta yi ƙorafi, daga bisani suka cimma yarjejeniyar lasisi. Jaridun ƙasar sun ruwaito cewa kuɗin ya kai kusan faran miliyan 20.

A Bolibiya kuwa, a watan Yunin 2014 aka juya agogon ginin majalisar dokoki da ke La Paz, lambobin suka koma ta hagu, hannayen ma suna bin hagu. Ministan harkokin waje na lokacin, David Choquehuanca, ya kira shi agogon kudu. Hujjar ita ce, bin dama da agogo ke yi kwaikwayon tafiyar inuwa ne a agogon rana na ƙasashen arewacin duniya, a kudu kuwa inuwar ta hagu take bi. A manhaja, wannan sauyi bai wuce sa alamar ragi ɗaya a gaban kusurwa ba.

Ga mai son gwadawa

Yanzu da ake iya sa ƙirƙirarriyar basira ta AI ta rubuta manhaja cikin ƙiftawar ido, wani zai ce wahalar me zai sha. Amma agogo mai hannu yana cikin abubuwan da ke ba ta wuya. A 2025 masu bincike a Jami'ar Edinburgh ta Birtaniya sun nuna wa manyan manhajojin AI hotunan agogo iri-iri, suka tarar a mafi yawan lokuta ba sa faɗin lokacin daidai. Masu zana hoto a cikinsu kuma sun yi suna wajen mayar da agogo 10:10 ko da wane lokaci aka nema, saboda irin hotunan tallan da suka cika intanet. Don haka ko na'ura ce ta rubuta maka, sai ka san lissafin kafin ka iya gane ko ta yi daidai.

Zana agogo aiki ne da mai koyo zai iya gamawa a yini ɗaya, ko da waya kawai gare shi, kuma a ciki zai haɗu da rabawa mai saura, lambobi masu ɗigo, sin da cos, da bambancin lokacin ƙasashe. Malamin lissafi ma zai iya sauke agogon bango ya koyar da darasin kusurwa gaba ɗaya da shi.

Idan ka gama naka, kada ka tsaya ga lokacin da ake ciki. Sa masa 12:00 ka ga ko duk hannayen suna kallon sama. Sa masa 3:00 ka ga ko gajeren yana dama. Sa masa 13:00 ka ga ko ya koma kan lamba 1. Ka zuba ido a 11:59:59 ka ga ko wani hannu zai juya baya. Sannan ka sa masa 3:55 ka miƙa wa wani a gida, ka tambaye shi ƙarfe nawa. Idan ya ce huɗu saura biyar, gajeren hannunka yana inda ya kamata.